Shin Ko Kun San? Daga Eriyar Kamina Zuwa Kunnen Dattijo

Shin ko kun san kowace ƙasa tana da baƙaƙen da ake gane ta da su a sararin samaniya, kuma na Togo su ne 5V? Na Nijeriya 5N, na Nijar 5U, na Gana 9G, na Benin TY, na Burkina Faso XT. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, wadda aka kafa a Paris a 1865 tun ana yayin wayar tangaraho, ita ta yi rabon. Ku duba jikin jirgin sama mai rajistar Togo, da 5V lambarsa take farawa. Haka ma lambar kiran duk wanda hukuma ta ba lasisin rediyon sha'awa, ko a Lome yake, ko a Sokode, ko a Dapaong.

Su wane ne masu rediyon sha'awa? Mutane ne da suka ci jarrabawa, suka karɓi lasisi, suka kafa 'yar tasha a ɗakinsu, suna hira da takwarorinsu na wasu ƙasashe ba layin waya, ba intanet, ba katin kira. Akwati guda mai aikawa da karɓa, da batirin mota, da waya mai tsawon mita 10 a ɗaure tsakanin mangwaro da tankin ruwa, sun isa muryar mutum ta sauka a Italiya ko Brazil in yanayin sama ya yi kyau. Doka ta hana su talla, ta hana su sa kiɗa, ta hana su zaurance. A ranar 18 ga Afrilu 1925 aka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, kuma har yau ranar suke biki. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ɗansu ne, lambarsa JY1, kuma in ya hau iska da sunansa kawai ake kiransa, ba mai cewa ranka ya daɗe.

Da yake masu lasisi a Togo ba su da yawa, lambar 5V nemanta ake yi ruwa a jallo. Turawa sukan haɗa kuɗi, su ɗauro kaya, su zo su tare mako biyu don kawai duniya ta samu damar kiran Togo. Wata tawaga daga Ailan ta yi haka a watan Maris na 2019 da lambar 5V7EI. Akwai kuma wani gata da Togo take da shi: da agogon duniya ake cika littafin da suke rubuta hirarrakinsu a ciki, kuma shi ne agogon ƙasar. Mutumin Kano ko Maraɗi sai ya cire awa ɗaya, na Sokode kuwa agogon hannunsa ya ishe shi. Layin Greenwich ma da kansa ya ratsa kusurwar arewa maso yammacin ƙasar, daf da Sinkase, shi ya sa a taswirar masu rediyo Dapaong ta faɗa gidan JK00.

Amma fa a kiyaye. Saurare kyauta ne, aikawa sai da takarda, kuma hukumar ARCEP ce mai ba da ita a Togo. Rediyon oba-oba ɗin nan da ake sayarwa a kasuwa, arhar sa ba ta mayar da shi halal. Balle a jihar Savanes, inda aka kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a watan Yunin 2022. Wanda aka samu da oba-oba a hanyar Dapaong ba takarda, bayani zai yi ta yi har yawunsa ya ƙafe.

Shin ko kun san saboda tashar rediyo aka kawo Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙasar Togo? A Kamina, kusa da Atakpame, inda duk motar da ta taso daga Sokode za ta Lome take wucewa ta gefe, kamfanin Telefunken ya gina wa Jamusawa ƙatuwar tasha tsakanin 1911 da 1914. Tana magana kai tsaye da Nauen a kusa da Berlin, tazarar da ta haura kilomita 5000, tana kuma miƙa saƙo ga jiragen ruwan Jamus da sauran ƙasashen da suke mulka a Afirka. Da yaƙi ya ɓarke, Ingilishi suka shigo daga Gwalkwas, Faransawa daga Dahomey, kowa Kamina ya nufa. Wani soja na rundunar Gwalkwas mai suna Alhaji Grunshi shi ake cewa ya harba harsashin farko na ɓangaren Ingila a dukan yaƙin, a nan Togo, cikin watan Agustan 1914. Rundunar tasa kuwa daga dakarun da ake kira 'yan sandan Hausa ta samo asali. Jamusawa da suka ga ba mafita, da hannunsu suka rushe tashar a daren 24 ga wata, suka miƙa wuya ranar 26. Guntayen ginin da ƙarafan suna nan har yau.

A wannan shekara ta 1914 wani Ba'amurke, Hiram Percy Maxim, ya kafa ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ƙasarsu, ARRL. Sunan ba baƙo ba ne a wurinmu. Mahaifinsa, Hiram Maxim, shi ya ƙera bindiga mai ruwa da aka ci Kano da Sakkwato da ita a 1903, kuma gwajin bindigar ne ya kurmantar da shi. Ɗan kuma sai ya ƙare a ƙera salansa, ta bindiga da ta inji.

To mu shiga kunnen. Shin ko kun san ji ba ya tafiya gaba ɗaya, daga sama yake fara zubewa? Da yawan kaɗawa a cikin daƙiƙa guda ake auna kaurin sauti da sirantakarsa, ma'aunin shi ne hertz, alamarsa Hz. Yaro mai lafiya yana ji daga 20 Hz har zuwa 20 000 Hz. Tsufa yakan fara cinye siraran sautuka, hayaniyar inji kuma ta fi yin ɓarna a wajen 4000 Hz. Wasula suna can ƙasa, da kauri, suna isowa lafiya. Baƙaƙe irin s da sh da ts da f su ne a sama, su suke fara ɓacewa. Shi ya sa dattijo yake cewa, "Ɗana, ina jin ka, rarrabewa ce ba na yi." Gaskiya ya faɗa. Ɗaga masa murya wasulan da yake ji da ma za ta ƙara wa ƙarfi. Abin da yake so shi ne a fuskance shi, a sassauta gudun baki, a rage rediyon da ke gefe.

In an je gwaji, ɗaki ne rufaffe, a sa wa mutum hedifon, a ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Ana gwada 250, 500, 1000, 2000, 4000 da 8000 Hz, kowane kunne daban. Takardar da za a miƙo masa tana da jan zobe, na kunnen dama, da shuɗin gicciye, na hagu, ko da Faransanci aka cika ta ko da Ingilishi. In layin ya taho a miƙe daga hagu sannan ya gangara ta dama, siraran sautuka ne suka tafi. A adana takardar nan, domin da ita ake saita na'urar ji.

Abin mamaki, rediyon masu sha'awa shi ma yanke murya yake yi. Don a yi tsimin wuri a iska, abin da ke tsakanin 300 Hz da kimanin 2700 Hz kaɗai ake aikawa, sauran a zubar. Ke nan mai lafiyayyen kunne ma, in ya zauna gaban akwatin, ya ɗanɗana halin da kakansa yake ciki. Dalilin da ya sa suke kiran baƙaƙe da sunaye ke nan, Alfa, Bravo, Sierra, Foxtrot, jerin da ma'aikatan jirgin sama suka tsayar a 1956. Ga wani abin kuma da ya shafe mu. Hausa da Kotokoli harsuna ne masu karin sauti, hawa da saukar murya suna canza ma'ana. Gindin muryar namiji kuwa wajen 120 Hz yake, ƙasa da inda rediyo da tarho suke yankewa. Ya kamata a ce karin ya ɓace, amma ba ya ɓacewa: ƙwaƙwalwa tana jin ninkin sautin a 360 da 480 da 600, sai ta cike gurbin gindin da kanta.

Shin ko kun san kunnen kurame ne ya fara cin moriyar taransista, kafin rediyo? An ƙirƙiro ta a 1947. Kaya na farko da aka kai kasuwa da ita a ciki na'urar ji ce, Sonotone 1010, a ƙarshen 1952. Rediyon aljihu sai 1954 ya fito. Na'urar ji mai lantarki ta farko kuwa, wadda Miller Reese Hutchison ya haɗa a 1898, a kan tebur ake ajiye ta.

Yanzu ga inda rediyo da na'urar ji suke karo. Mai na'ura in ya kifa hedifon a kanta, sai ta kama fito, domin ƙarar da ta fitar tana komawa cikin makirfonta. Maganin wannan tsohon abu ne. A cikin na'urori da yawa akwai ɗan naɗin wayar tagulla, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, wanda ake kunnawa da maɓalli mai alamar T. Shi ba ruwansa da iska, motsin maganaɗisu yake ji. Sai mai rediyo ya rataya zoben waya a wuya, ya soka bakinsa a ramin hedifon na akwatin, maganar ta tsallaka kai tsaye cikin kunne, ba fito, ba kukan fanka, ba hayaniyar yara a tsakar gida. Tun 1937 Joseph Poliakoff ya yi rajistar dabarar a Ingila. Da ita ake zagaye ɗakunan taro da tashoshin jirgin ƙasa a Turai, kuma ban ga abin da zai hana a zagaye sahu biyu na gaba a babban masallacin Juma'a da ita ba. Kuɗinta bai kai na lasifikokin da ake ta ƙara wa hasumiya ba, ga shi dattawan da suka fi kowa sammakon zuwa su ne suka fi rasa huɗuba.

Aibinta ɗaya, kwaɗayi. Duk wani maganaɗisu da ke kusa sai ta kwaso: gurnanin wutar gida mai 50 Hz, taransifoma, inbata, cajar waya ta bogi. A matsar da su nesa da kujera, ko a koma kan batir.

Masu bugun Mos, wato saƙon ɗigo da layi, kuma tasu matsalar daban ce. Sautin da suke saurare siriri ne, tsayayye, wajen 600 zuwa 800 Hz. Na'urar ji ta zamani tana da 'yar kwamfuta da aka koya wa farautar fito da ƙarar inji, sai ta ɗauki saƙon a matsayin damuwa, ta shiga danne shi ko ta sa shi rawa. Masu gwajin ji sun san maganin: su buɗe wa mutum tsari na biyu, irin na sauraren kiɗa, wanda aka kashe wa wannan wayo. Sai dai in ba a faɗa musu ba, ba za su sani ba. Wanda kuma raunin jinsa ya faɗo a daidai 700 Hz, akwatin yana da maɓallin sauke sautin zuwa 450 ko 500, inda kunnen yake da sauran ƙarfi.

Bluetooth fa? Yana da daɗi wurin saurare, yana da jinkiri wurin aiki. Yakan makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko fiye, alhali ɗigo guda na Mos, a gudun kalma 20 a minti, 60 ms ne kacal. Mai bugawa sai ya ji ɗigon farko bayan yatsansa ya kai na biyu, hannu ya rikice. A 2,4 GHz Bluetooth yake aiki, unguwa ɗaya da inda masu sha'awa suke aika murya zuwa QO-100, na'urar da ke kan tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar, Es'hail-2, wanda aka harba a Nuwamban 2018. Yana tsaye wuri ɗaya a saman Afirka, kwanon dish irin na kallon ƙwallo yana kamo shi daga ko'ina a Togo. Wannan "dit-dirit-dirit" kuwa da rediyo yake yi kafin waya ta yi ƙara, wayar ce take aika saƙo guntu-guntu sau 217 a daƙiƙa. Tsofaffin na'urorin ji sun sha wahalarsa, a cikin kunnen mai su yake tashi.

Shin ko kun san kurma ne ya buɗe wa kurame tarho? Robert Weitbrecht, wanda aka haifa a 1920 ba ya ji, masanin kimiyya ne kuma mai rediyon sha'awa, lambarsa W6NRM. Ya saba aika rubutu ta rediyo da injin tafireta, sai a 1964 ya ƙera abin da ya ba injin damar bin layin tarho. Kurame a Amurka suka shiga kiran juna a rubuce, shekaru da dama kafin saƙon tes. Wasu kuma yatsa suke ɗorawa a kan fatar lasifika, su karanta Mos da taɓi. A 2017 Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a 1993, da abokinsa Steve Franke suka fito da FT8, hanyar da kwamfuta take tsamo saƙo daga cikin shuuu ɗin da kunnen mutum ba ya jin komai a ciki. Kowane saƙo daƙiƙa 15, kuma in mutum zai rubuta son ransa, gurbi 13 aka ba shi. "Sannu da aiki" ta cike shi tas, ba wurin tambayar iyali. Tsofaffin hannu suna cewa wannan ba hira ba ce, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Amma ga wanda jinsa ya tafi, ita ta hana shi naɗe eriya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne suke da rashin jin da ke buƙatar taimako, kuma ta ware 3 ga Maris a matsayin ranar ji. A wajenmu tsufa kaɗai ba shi ne mai laifi ba. Arewacin Togo yana cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, kuma kurumta tana cikin abin da ciwon yake bari ga waɗanda suka tashi. Akwai ƙyanda, akwai ruwan kunnen yara da ake sakaci da shi, akwai allurai irin jentamaisin da ake yi barkatai a kemis. Akwai kuma ƙara. Ma'aunin hukumar shi ne 80 dB na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10, 95 awa ɗaya da kwata. Injin niƙa yakan haura 90. A lissafa wa yaron da yake wuni a gindinsa.

Makarantar kurame ta Ephphatha da ke Lome, Andrew Foster ne ya assasa ta a shekarun 1970, wani baƙar fatar Amurka wanda shi ma sanƙarau ya kurmantar yana yaro. Ya fara da Gana a 1957, ya bi da Nijeriya. Maganar hannu ta kuramen Kano kuwa ta gida ce, ta riga makarantun zuwa.

Abin da ake tallatawa a kasuwa a cikin ɗan kwali da sunan na'urar ji, sau da yawa amfilifaya ce kawai. Komai take ɗagawa, da abin da mutum yake ji da wanda ba ya ji, kamar a ari tabarau ɗin maƙwabci a ce ido ya warke. Ta gaskiya sai an saita ta da takardar gwaji. Batirinta ma abin lura ne. Girma huɗu ne, kowanne da launin takardar da aka manna masa a duk duniya: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska yake aiki. Ƙarƙashin takardar akwai 'yan ƙofofi kamar tsinin allura, da an ɓare ta iska ta shiga, batir ya farka, ya ba da kimanin 1,4 V. A dakata minti ɗaya kafin a saka. Mayar da takardar ba ya mayar da shi barci, saboda haka kada a ɓare sai ranar aiki. Bushewar hunturu tana rage masa kwana, gumin bazara kuma yana cin na'urar, sai a riƙa buɗe ƙofar batir da dare. A kuma ɓoye shi daga yara, haɗiye shi maganar asibiti ce ta gaggawa.

Shin ko kun lura da yadda ake rubuta dB, ƙaramin d da babban B? Ba ado ba ne. B ɗin na Alexander Graham Bell ne, mai tarho, wanda malamin kurame ne, mahaifiyarsa da matarsa duk ba sa ji. Ƙa'idar ita ce: ma'aunin da aka sa wa sunan mutum, alamarsa da babban baƙi take farawa. W na James Watt, V na Volta, A na Ampère, Hz na Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da igiyoyin rediyo a shekarun 1880 ya rasu yana da shekara 36. Wanda ba sunan kowa ba kuwa ƙarami ne: m, g, s. Kilo ma ƙaramin k ne, domin babban K na kelvin ne, ma'aunin zafi. Saboda haka km, kg, kW, kHz, kVA. "KM" da "Kg" da "KVA" da ke jikin alluna da buhuna da janareta duk kuskure ne, sai dai irin wanda ba ya kashe kowa.

Wanda ke iya yin ɓarna shi ne M da m. Babba mega ne, miliyan. Ƙarami mili ne, ɗaya cikin dubu. Tsakaninsu ninki biliyan. Tashar hasken rana ta Blitta, kudu da Sokode, da 50 MW aka buɗe ta a 2021. In ɗan jarida ya rubuta 50 mW, ya rage ta zuwa abin da zai riƙe na'urorin ji talatin ko makamancin haka, domin kowace ɗaya miliwat ɗaya zuwa biyu take ci. Tashar FM da ta rubuta mHz a allonta kuma, cewa ta yi igiyarta sai ta shafe daƙiƙa goma kafin ta kaɗa sau ɗaya.

Masu sauraren gajeren zango sun saba da "mita 19 da 25 da 41" tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a ranar 13 ga Maris 1957. Ko kun san tsawon igiyar ake nufi, mita irin ta tela? A raba 300 da yawan megahertz, a samu mita. Rediyon Kaduna a da yana 6090 kHz, wato mita 49. Rediyon Lome a da yana 5047 kHz, zangon mita 60, na Kara a 3222 kHz, zangon mita 90. Tsofaffin akwatuna kc ko Mc aka rubuta musu, domin sai a 1960 aka tsayar da hertz a tsarin ma'aunai na duniya. In kuka murɗa ƙasa kaɗan da mita 41 da daddare, tsakanin 7000 da 7200 kHz, kuka ji wata murya a cakuɗe ba ta fita, masu sha'awa ne a zangonsu na mita 40. Rabin igiya suke aikawa, rediyon gida ba shi da abin da zai cike ɗaya rabin.

Ga wadda ta fi shafar mutanen kan iyaka. A Sokode da Dapaong da Maraɗi, 7,100 na nufin bakwai da ɗigo ɗaya, domin a lakwal, wato makarantar Faransanci, waƙafi ne yake raba cikakkiyar lamba da guntu. A Kano da Tamale kuwa, 7,100 dubu bakwai da ɗari ne. A rediyo an yi dace: 7,100 MHz na mai Faransanci da 7,100 kHz na mai Ingilishi wuri ɗaya suka nuna, muddin ba a yar da alamar ba. A takardar ciniki ba wannan dacen. Babban taron ma'aunai na 2003 ya halatta duka biyun, waƙafi ko ɗigo, wurin raba guntu, ya kuma ce dubbai da fili za a raba su: 20 000, ba 20,000 ba, ba 20.000 ba. Ni a wannan shafi waƙafin Togo na bi.

Masu gyaran rediyo sun daɗe da tsallake rigimar. A takardar zanen akwati za ka ga 4k7, ma'ana 4700 ohm: baƙin ya zauna a mazaunin ɗigon, ba abin da hoton kwafi ko kashin ƙuda zai ɓatar. Amma su ma suna da nasu tarkon. Alamar µ, mikro, ɗaya cikin miliyan, ba ta cikin tsofaffin injinan ɗab'i, sai kamfanoni suka riƙa buga MFD ko mF a jikin kwandensa alhali µF suke nufi. Wanda ya bi rubutun da ƙa'ida zai nemo abin da ya ninka dubu. A asibiti wannan µ ɗin abin tsoro ne. In likita ya rubuta µg da gaggawa, sai a karanta mg, magani ya ninka sau dubu. Shi ya sa asibitoci da yawa suka ce a rubuta kalmar a cike, kuma kada a bar guntu ba sifili a gabansa: 0,5 mg, domin in waƙafin ya ɓace daga ,5 biyar za a bayar.

Data ma ba ta tsira ba. Abin da ɗan Nijeriya yake saya da MB da GB, ɗan Togo da Mo da Go yake sayen sa, kuma abu ɗaya ne. Amma Mb mai ƙaramin b kashi ɗaya cikin takwas ne na MB. Kamfanin da ya yi alkawarin gudun 8 Mb a daƙiƙa, 1 MB yake nufi, kuma bai yi ƙarya ba.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Alama ba ta jam'i: 50 kg, ba kgs ba. Ba a sa mata aya sai in ita ce ƙarshen jimla. Ana barin fili tsakaninta da lamba: 12 V, 40 °C. Minti min ne, domin m ta mita ce. Giram g ne, ba gr ba. Gudun mota km/h. Ga marubutan Hausa kuma, in da kalma ne sunan ma'auni ke gaba, kilomita 340 daga Lome zuwa Sokode, in da alama ne lamba ke gaba, 340 km. "Km 340" a bar wa dutsen gefen hanya. Lita ce kaɗai aka yi wa sassauci: tun 1979 an yarda a rubuta l ko L, saboda ƙaramin yana kama da lamba 1, har 11 da 1 l su rikice a rasit ɗin gidan mai.

Duk wannan tsari daga yarjejeniyar da ƙasashe 17 suka sa wa hannu a Paris ranar 20 ga Mayu 1875 ya taso. Har zuwa 2019, kilogiram ɗin duniya wani ɗan curin ƙarfe ne da ke kulle a Sèvres, a gefen Paris, kafin a koma auna shi da lissafin kimiyya. A 2022 aka ƙara sababbin alamomi huɗu, R da Q na manya, r da q na ƙanana, an kuma zaɓe su ne don kusan su kaɗai suka rage ba a ɗauka ba. Da su, nauyin duniyar nan tamu 6 Rg ne. In aka rubuta 6 rg, nauyin ƙwayoyin lantarki shida ko bakwai aka faɗa.